Ɗana mai shekara 14 ya zama kamar an musanya shi: tashen balaga ne ko wani abu ya same shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana na fari shekararsa 14. Da yaro ne mai sanyin hali, amma cikin shekara guda ya zama kamar an musanya min shi. Ya yi tsawo har ya wuce ni, abinci ba ya isarsa, tashinsa sallar asuba kuwa sai an yi da gaske. Kowace magana sai ya ce "don me?" Ya daɗe gaban madubi, ya kulle kansa a ɗaki. Watan jiya ya ɗauki babur ɗin ƙanin babansa ya goya abokai biyu suka faɗi, Allah dai ya tsare. Yanzu kuma ya ce shi ba zai zama likita ba kamar yadda babansa yake so. Wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa a bincika ko ƙwaya yake sha. Babansa ya ce duka ne maganinsa, ko a kai shi ƙauye. Ƙanwarsa mai shekara 11 ma ta fara ƙirgar dangi, gabana sai faɗuwa yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara tsarewa, ya shirya mana su baki ɗaya. Bari in fara da abin da na san shi ya hana ki barci. A duk abin da kika lissafa ban ga wanda zai sa in ce ƙwaya ce ba, balle a tafi neman wanda ya yi masa asiri. Yaro na gani da tashen balaga ya kama. Amma ba zan ce miki "ƙuruciya ce, zai daina" in wuce ba, domin wannan maganar ita ke sa iyaye su naɗe hannu daidai lokacin da yaro ya fi bukatarsu.

Kin san aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda take magana a kan dukiyar marayu. An ce a riƙa gwada su har su isa aure, sannan in an ga natsuwar hankali a tare da su, a miƙa musu dukiyarsu. Sharaɗi biyu ke nan: balaga, da abin da malamai ke kira rushdu. Da tare suke zuwa rana ɗaya, da ba a raba su ba. Duk shekarun da na yi ina duba yara da matasa, ban sami abin da ya fassara min halin ɗan shekara 14 kamar wannan rabewar ba. Jiki kan riga isa, hankalin da zai riƙe jikin yana tafe a baya, tsakaninsu kuma shekaru ne. A wannan tsakanin ɗanki yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga wannan zango daga shekara 10 zuwa 19. Daga ƙwaƙwalwa abin ke tashi. Akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a ƙasanta, shi ke sakin sinadarai cikin jini, su je su tayar da maraina a namiji, su tayar da ma'ajiyar ƙwai a mace. Daga nan namiji ya fara fitar da sinadarin balagar maza, testosteron, da yawa, mace ta fara fitar da na mata, istirojin. Mace kan fara ne tsakanin shekara 8 da 13, namiji tsakanin 9 da 14, don haka ƙanwar tasa a kan lokacinta take. Alamar farko a namiji girman maraina ne, abin da ba wanda ke gani, shi ya sa iyaye ba sa farga sai murya ta fashe, gashin baki ya fara tsiro, alhali aikin ya daɗe da nisa. A shekarar da tsawo ya fi sauri, wajen 13 zuwa 14, yaro kan ƙara santimita 9 ko 10. Tafin ƙafa da hannu su ke fara girma kafin gangar jiki. Za ki ga takalmin bara ya ƙi shiga, ya yi tuntuɓe da buta, kofi ya suɓuce masa, a ce ya cika rawar kai, alhali bai gama sanin tsawon gaɓoɓinsa ba ne. Cin da yake yi kuwa ba haɗama ba ce, ƙashi da tsoka ake ginawa. Ki ƙara masa wake, gyaɗa, ƙwai, fura da nono, da abin da Allah ya hore na kifi ko nama, kada kuma a riƙa yi masa gori a gaban ƙannensa.

An taɓa kawo min wani yaro a tsakiyar zafin Afrilu, sanye da singileti da riga biyu. Mahaifiyarsa ta ce ya bar zuwa ƙwallo, ya bar cin abinci da 'yan'uwansa, ita ma an ce mata ƙwaya ce. Na roƙe ta ta ɗan jira mu a waje. Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa, can ya ɗago ya ce, "Likita, wai namiji yana komawa mace?" Ashe wani ɗan kumburi ne ya fito masa a ƙarƙashin kan nono, yana masa zafi in riga ta goga. Abu ne da ke samun kusan rabin yara maza a wannan shekarun, kuma yakan baje da kansa cikin watanni, in ya daɗe shekara biyu. Wata shida yaron nan yana ɗauke da wannan tsoro shi kaɗai. Da na yi masa bayani, sai ya sa gefen rigarsa ya share ido, ya ce, "Wallahi na zaci ni kaɗai ne." Har yau in aka ce min yaro yana kulle ɗaki, shi nake fara tunawa.

To wa ya zaunar da ɗanki ya gaya masa abin da zai gani a jikinsa? Wa ya yi masa bayanin mafarki da wankan janaba? Malaman fiƙihu ba su ji nauyin wannan ba, sun rubuta alamomin balaga ɓaro-ɓaro, har Malikiyya suka ce wanda bai ga alama ba sai ya cika 18. Mu ne kunya ta rufe mana baki, balle a kan ɗan fari, wanda ko sunansa uwa ba ta faɗa. Ba na kushe kunya, ado ce. Sai dai magabatanmu da suka riƙe ta sun tanadi masu toshe giɓinta: kawu, baffa, goggo, da kaka da ake wasa da ita a faɗa mata abin da ba a iya faɗa wa uwa. Yanzu an tare a gidan haya daga miji sai mata sai 'ya'ya, kunyar ta biyo mu, masu toshe giɓin sun tsaya a can. Abin da ya rage wa yaro waya ce da abokai. Ni a ganina ƙanin baban nan mai babur shi ne mutuminki. Tunda har yaron ya iya ɗaukar makullinsa, akwai sabo tsakaninsu. Maimakon ya tsaya a fushin babur, ya ja shi jiki, su riƙa fita tare.

Ita kuwa ƙanwar, taki ce, kuma lokaci ya yi. Jinin al'ada yakan zo kamar shekara biyu zuwa biyu da rabi bayan fara ƙirgar dangi. Ki gaya mata tun bai zo ba, ki nuna mata audugar mata da yadda ake sa ta, ki koya mata wankan tsarki, ki ce mata a shekarar farko ko ta biyu yakan yi tsallaken wata, ba ciwo ba ne. Ina roƙonki kada bayanin ya tsaya a "in namiji ya taɓa ki kin yi ciki." Yarinyar da tsoro kaɗai aka ba ta, ranar da wani ya cuce ta, ke ce ta ƙarshe da za ki ji.

Maganar asuba kuma, ba lalaci ba ne zalla. Akwai sinadarin da ake kira melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki in dare ya yi don ya kawo barci. Binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka da abokan aikinta ya nuna cewa da balaga ta kama, agogon jiki kan ja baya, barcin ya riƙa zuwa a makare da awa ɗaya ko biyu. Ga shi matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta kafa doka, daga 2022 manyan makarantun sakandare na gwamnati ba sa fara darasi kafin 8:30 na safe. Mu ba za mu ɗaga asuba ba, don haka dare za mu gyara. Ki lissafa: in ya kwanta 12 aka tashe shi 5, awa biyar ke nan, ga boko, ga islamiyya. Babba ma aka yi masa haka sai ya yi ta faɗa da mutane. A sa dokar gida cewa waya ba ta kwana a ɗaki, ta kowa da kowa, ba tasa kaɗai ba, a bar shi ya ɗan yi ƙailula in ya dawo makaranta. Da asuba babansa ya tashe shi da hannunsa su tafi masallaci tare, ya fi a yi ta kwarara masa kira daga tsakar gida.

Sai babur, wanda shi ya fi tayar min da hankali a saƙonki. Da can an ɗauka ƙwaƙwalwa tana gama ginuwa tun yarinta. A 1999 wani likita a Amurka, Jay Giedd, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hotunan MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, da suka yi ta ɗaukar ƙwaƙwalwar yara, su dai waɗannan yaran, suna maimaitawa yayin da suke girma. Aikinsu da waɗanda suka biyo baya ya nuna ginin bai ƙare ba. Ƙwaƙwalwa na sassabe hanyoyin da ba a amfani da su, tana ƙarfafa waɗanda ake bi kullum, kuma ɓangaren da ke bayan goshi, mai auna ƙarshen abu da cewa "dakata", yana cikin na ƙarshen kammala, sai an haura shekara 20 da 'yan kai. Ɓangaren da ke jin daɗi da zumuɗi da son yabo kuwa tun farkon balaga yake tashi da ƙarfinsa. Doki ne ya ƙoshi, linzaminsa yana wurin maƙeri. Da Bahaushe ya ce ƙuruciya dangin hauka, wannan ya hango.

Akwai gwajin da Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple suka wallafa a 2005. An ba mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta: danja ta nuna ruwan ɗorawa, ko ka tsaya, ko ka ci gaba ka ƙara maki amma kana iya yin karo. Wasu suka yi su kaɗai, wasu kuma sa'o'insu biyu na zaune suna kallo. Manya, da kallo da babu, tuƙinsu bai canza ba. 'Yan shekara 13 zuwa 16 kuwa, da aka sa musu ido, gangancinsu ya ninka. Ki lura, abokai biyu, daidai adadin da ɗanki ya goya. Da za ki zaunar da shi shi kaɗai ki tambaye shi ko goyon biyu a babur na da haɗari, zai ba ki amsar da babansa zai bayar. Sani ba shi ya rasa ba. In idon abokai na kansa, daɗin a ce ya iya yakan rinjayi sanin. Shi ya sa wa'azi kaɗai ba ya isa: a ɓoye makulli, a hana abin da kuskurensa ba ya gyaruwa, a sassauta a kan wanda ke gyaruwa. Gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma raba shi da abokai gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma ba alheri ba ne, domin a cikinsu yake koyon zama da mutane. Ki san su. Ki sa ya kawo su gida, ki zuba musu abinci a zaure, ki san 'ya'yan wane ne. Mai cin tuwonki yakan ji kunyarki.

"Don me?" ɗin nan da ke ƙona miki rai, ni albishir na ji a ciki. Jean Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, ya lura cewa daga wajen shekara 11 ko 12 yaro kan fara iya tunani a kan abin da ba ya gabansa: adalci, dalili, "da a ce". Ɗan shekara 7 in kin ce ƙarya haramun ce ya karɓa. Ɗan 14 zai tuna ranar da aka aike shi ya ce wa mai bin bashi Baba ba ya nan. Sabon kaifi ne ya samu, yana gwada shi a kan na kusa da shi, kuma bai iya riƙe shi da ladabi ba tukuna. Ladabin za a koya masa, ba a dakushe kaifin ba. Ki ce masa, "Tambayarka tana da kyau, amma ba da wannan muryar ake yi wa uwa magana ba. Sake faɗa." In ya sake, ki ba shi dalilin. Imam Ahmad ya ruwaito labarin saurayin da ya zo gaban Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa, Annabi ya ce ya matso kusa, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, yana cewa a'a, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Hankalinsa aka yi wa magana, kuma sai da aka matso da shi.

Madubi ma daga nan ya samo asali. Tunda ya fara iya tunanin abin da wasu ke tunani, sai ya ɗauka kowa shi yake kallo. Ƙurji ɗaya a goshi, a wurinsa duk unguwa ta gani. Don haka faɗan da aka yi masa gaban baƙi ko ƙanne ya fi masa bulala ciwo, kuma ba ya mantawa.

Batun likita kuwa, tambaya ce babba take motsi a ƙarƙashinsa: ni wane ne, ban da kasancewata ɗan wane? Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, ya ce amsa wannan tambayar shi ne babban aikin shekarun samartaka. Za ki ga yana gwada kansa kamar mai gwajin hula a kasuwa: yau sabon aski, gobe laƙabi, jibi ya zama ba shi da zance sai ƙungiyar ƙwallo, wani ma ya tsunduma addini har ya fara gyara wa uwarsa sallah. Mafi yawa ba sa daɗewa. Abin da na gani a aiki shi ne, wanda aka bari ya yi tambaya ya laluba, yawanci yakan dawo kusa da tarbiyyar gidansu, kuma ya riƙe ta da hannu biyu domin ta zama tasa. Wanda aka ɗora wa hanya bai ce uffan ba, wani sai a aji uku na jami'a abin ke kwance masa. Ɗan 14 bai san me zai zama ba, ya dai san yana so a tambaye shi. Ku tambaye shi, ku ji.

A nan ma na ga hikimar mutanen da. A gidan gandu, saurayi na noma gonar gida, amma akan yanka masa gayauna tasa, abin da ya noma nasa ne, in ya yi sakaci shi zai ga ciyawa. Ana ba shi ɗaki a ƙofar gida, bai fita daga gida ba, bai kuma zauna cikin mata ba. Ga gayya, ga sana'ar gado. Yana da inda zai kai ƙarfinsa a yaba masa. Na yau ya balaga da wuri, aure da aikin yi sun yi nisa, shekara goma ko fiye yana da jikin babba da matsayin yaro. Ku nema masa gayaunarsa: kiwon kaji ko tunkiya, zuwa shagon gyaran waya ko ɗinki ranar Asabar, riƙe kuɗin cefanen mako ya kawo lissafi. Abin da in ya lalace za a ji, in ya yi kyau a ce shi ya yi.

Ki gaya wa Alhaji, cikin girmamawa kuma ba a gaban yaron ba, cewa icen da ake tanƙwarawa yana ɗanye da hannu ake bi da shi a hankali. Duka a wannan shekarun ɓoyo yake koyarwa, ranar da ya shiga matsala ta gaske ba zai zo gida da ita ba. Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, tun yana ɗan 10, wato duk tsawon wannan zango, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Wannan ba ya nufin a bar horo. Wanda ya ɗauki babur ba izini, a karɓe wayarsa na wani lokaci, ya sa hannu a kuɗin gyara daga abin da yake samu, a faɗa masa dalili, a kuma cika abin da aka faɗa. Ƙauye kuma, in hutu zai je wurin kakanni ya yi noma, madalla. In kora ce, zai ji ta a matsayin kora, kuma ƙwayar da ake gudu ta riga mu isa can.

Ban ce ki saki jiki ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, irin su ciwon damuwa da fargaba. Bambancin da nake dubawa shi ne, mai tashen balaga yana fushi a gida amma yana dariya da abokai, yana ci, yana zuwa makaranta. In kika ga ya janye har daga abokan, ya bar abin da yake so, ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya rame, sakamakonsa ya faɗi warwas, kuɗi ko kaya na ɓata a gida, harshensa na nauyi, yana layi, yana magana shi kaɗai, ko wani babba da ba ku sani ba yana yi masa kyauta, to kada a jira. In kuwa ya ambaci mutuwa ko ya ce gara ba ya duniya, ko da wasa ne, a ranar za a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su.

Ta fuskar jiki kuma, ana kai yaro a duba shi in alamun balaga sun fito wa mace kafin shekara 8 ko namiji kafin 9, ko mace ta kai 13 namiji ya kai 14 ba alama ko ɗaya, ko yarinya ta cika 15 ba ta ga al'ada ba. Masu sikila da waɗanda abinci bai wadace su ba sukan yi jinkiri, wannan sananne ne a wurinmu. Naki biyun, bisa abin da kika faɗa, ba su cikin waɗannan.

In hankalinki bai kwanta ba duk da haka, ki kai shi wurin likitan yara ko likitan iyali, ki gaya masa tun a gida inda za ku da dalili, kada a yaudare shi. In kun shiga kin faɗi naki, ki tashi ki ba su wuri na ɗan lokaci, ko da likitan bai nema ba. Allah ya raya miki su, ya sa ki ga aurensu.